Lasisin da Ya Ƙare Ina Cikin Takaba

Ku 'ya'yana, na san abin da aka gaya muku game da barinmu Sokode, domin maganar ta sha dawowa kunnena, wani lokaci ma daga bakin jikokina. An ce uwarku ta sayar da kanta ga jam'iyyar gwamnati, ta ɗauki motar ubanku ta yi jigilar masu tafi, kunya ta kore ta zuwa Dapango, ta bar 'yarta a gidan mutane. Na daɗe ina shiru saboda masu faɗar manya ne a wurinku, kuma ban so ku taso kuna ƙin dangin ubanku ba. Yanzu galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ni ma shekaru sun ja. Ba zan tafi in bar labarina a bakin waɗanda ba su taɓa zama bayan sitiyari ba. Abin da ya raba gidanmu biyu takardar tara ce a kan lasisin tuƙi da ya ƙare, kuma ga yadda aka yi.

Mahaifinku direba ne, kuma duk abin da ya mallaka a duniya shi ne bashe ɗinsa, irin a-kori-kurar nan mai rumfar tamfol da benci biyu a baya. Da ita yake kai doyar matan kasuwa daga Sokode zuwa Dapango, ya dawo da albasa da zabi. Da ciwon sukari ya fara cin idonsa, sai ya ce ni zai koya wa tuƙi, wai yaron mota yana iya gudu da mota, ni kuwa ina zan je da 'ya'ya uku. A filin ƙwallo na bayan zango na koya, mata na leƙe ta kan katanga, maza na salati kamar sun ga akuya tana karatu. Ko kallonsu bai yi ba. Shi ya yi ta kai ni har na ci jarrabawa aka ba ni lasisi, wanda a can kowa ke kira permi, irin na masu ɗaukar mutane da kaya, wanda sai an riƙa sabuntawa bayan likita ya duba idon mutum. A ƙarshen rayuwarsa ni ke tuƙi, shi yana gefe yana sauraron inji, yana yi mini faɗa in na taka burki da ƙarfi.

Ya rasu a lokacin da ƙasar Togo ta rikice da maganar dimokuraɗiyya. Na shiga takaba, kuma kun san takabar zango, ba kasuwa, ba ofis, ko zaure ban taka ba. Ina ɗaki ina jin ihun 'yan makaranta a titi, ina jin warin tayar da ake ƙonawa, wani lokaci ƙarar bindiga daga wajen bariki. A cikin waɗannan watannin lasisina ya ƙare. Na sani sarai, don mahaifinku ya sha tuna mini watan tun yana kwance. Amma wace mace ce za ta fita daga takaba ta je ta bi layi gaban likita don a gwada mata ido? Da na yi haka, waɗanda suka zage ni daga baya su ne za su fara cewa ban damu da mutuwar mijina ba. Washegarin fitata na ɗauki takarduna na nufi ofishin. Na tarar da kwaɗo a ƙofa, awaki kwance a baranda, mai gadi yana gyangyaɗi a gindin mangwaro. Ma'aikata sun shiga yajin aiki, wanda muke ce wa grev, kuma babu wanda ya san ranar ƙarewarsa.

"Madam, ki dawo bayan grev," in ji mai gadin.

"Yaushe ke nan?"

"In kin sani ki gaya mini. Ni ma albashina nake jira."

Na koma, na sake komawa, har awakin suka daina tashi in sun gan ni.

Ana cikin haka aka zauna rabon gado a zauren Alhaji Mumuni, wan mahaifinku, wanda kuke kira Baba Alhaji. Shi mai manyan motoci ne, mai faɗa a ji a tashar Sokode. Malamin da ya yi rabon ya ce motar ta marayu ce, ni kuma na ce tumunina a bar shi a cikinta. Baba Alhaji ya gyara zama ya dube ni.

"Azumi, mota ba tukunya ba ce. Ƙanena ya yi wasansa da ke, ya wuce. A sayar da ita in riƙe wa yara kuɗinsu, su dawo gidana. Ke da sauranki, kya yi aure."

"Yaya, yara suna da gida. Motar nan ita ta ciyar da su jiya, ita za ta ciyar da su gobe."

Ya ja carbinsa, sannan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, duk ranar da hukuma ta riƙe motar, magana ta ƙare, a sayar, yara su koma wurinsa. Na biyu, tunda dukiyar marayu ce, in dafa Alƙur'ani in rantse ko dala daga kuɗin motar ba zan miƙa wa wani jami'i a hanya ba. Malamin, bawan Allah, ya yi ta gyaɗa kai yana cewa madalla da wannan taƙawa. Ni ma na dafa na rantse. Sai da na fito na gane abin da aka yi mini, kuma har yau in na tuna sai jinina ya tafasa. Duk direban da ya taɓa bin hanyar arewa ya san ba a miƙa wa jandarma permi a bushe. Ana naɗe 'yar takardar kuɗi a sa a ciki, ya buɗe kamar mai dubawa, ya rufe ya miƙo, ya ce a sauka lafiya. Goron hanya ake ce masa, kuma direbobin Baba Alhaji kowace safiya daga hannunsa suke karɓar nasu kafin su tashi. Ya san lasisina ya ƙare, ya san jinya ta cinye duk abin da nake da shi na kaina. Ya ɗaure mini hannu da rantsuwa ya tura ni hanya, ya zauna yana jira.

Da farko Allah ya rufa asiri. Tsofaffin jandarmomin hanyar duk sun san mahaifinku. In sun hango bashe ɗin sai su janye shinge, su cire hula su yi mini gaisuwar rashi, wani ma ya ce in gaida yara. Na yi sawu da dama haka, tukunya ta ci gaba da hawa wuta, aka biya kuɗin makarantar babbarku, na ɗinka wa Nuhu da Salamatu kayan salla. Rannan na ɗauko doya da mata masu ita, mun wuce Mango lafiya, mun wuce Bombuwaka, Dapango ta kusa, sai ga sabon shinge, ganga biyu da katako mai ƙusoshi. Wanda ke tsaye a wurin sabo ne, daga kudu aka kawo shi, Hausarsa irin ta kasuwar bariki.

"Madam, kai ne direba?"

"Ni ce."

"Ina mijinka?"

"Yana kabari."

"Kawo permi."

Ya buɗe, ya leƙa ciki, ya juya bayansa, har girgiza shi ya yi ko wani abu zai faɗo. Da ya ga babu abin ɗauka, sai ya karanta. Ina jin tun da aka buga lasisin nan ranar ce aka fara karanta shi.

"Permi naka ya mutu."

"Na sani. Ofishin da zai raya shi ma ya mutu. Ka je Sokode ka ga kwaɗo."

"Wannan ba ruwana. To, yaya za mu yi?"

Ɗaya daga cikin matan da ke baya har ta fara kwance bakin zanenta, tana cewa in yi shiru su za su sallame shi. Wataƙila da a nan maganar ta tsaya. Amma sai ya jingina da ƙofar motar ubanku, ya kalli abokin aikinsa yana dariya.

"Miji ya mutu jiya, yau mace ya hau mota yana yawo. Zaman gida ya yi masa zafi."

Kun san halina.

"Ka rubuta," na ce. "In laifi na yi, ka rubuta mini tara in je in biya inda ake biya, a ba ni rasit. Ba mai ba ka ko sisi a motar nan."

Ya daina dariya. Matan suka hau ba shi haƙuri, ya ƙi sauraro, ya zaro littafinsa ya rubuta, ya yago ya miƙo mini. Har yau ban yi nadamar wannan kalma ba. A tunanina hanyar gaskiya na bi: tarar da aka biya a baitulmali da rasit halal ce, zan iya nuna wa malam, zan iya nuna wa Baba Alhaji. Abin da ban sani ba shi ne, in lasisi ya ƙare, ba a sakin mota sai an biya tarar. Ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar mahaifinku, ya ce in ja mu je ofishinsu a Dapango. Ku lura da kyau: ni ɗin da ya ce doka ta hana ni tuƙi, ni na tuƙa shi har cikin gari, yana zaune yana shan iska.

Aka ajiye motar a bayan ofishin jandarma cikin gawarwakin motoci, matan suka kwashe doyarsu a amalanke suna tsaki. Ni kuma na riƙe takardata na nufi baitulmali da saurina, don in biya in kwana a hanya. Na tarar da kwaɗo. Irin kwaɗon Sokode, sai ka ce a shago ɗaya aka saye su. Na koma wurin jandarmomi na ce ofishin biya a rufe yake, su karɓa su ba ni rasit. Suka ce su ba su da ikon karɓar tarar da aka rubuta. Na ce to su sakar mini mota in kawo in an buɗe. Suka ce ba a sakin mota sai da rasit. Na ce ina zan samo rasit? Suka ce a baitulmali. Wallahi na tsaya a tsakar gidan nan ina juyawa kamar kazar da aka sare wa kai. Wace irin hukuma ce wannan? Mai sabunta lasisi ya tafi gida, mai karɓar tara ya tafi gida, likitan ido ya tafi gida, mai kamu kaɗai ke bakin aiki, shi kam ko ranar Lahadi ba ya hutu. Ban ga laifin masu yajin aiki ba, su ma da dalilinsu. Amma in ka rufe ƙofar da talaka zai bi ya cika doka, da wane ido za ka kama shi ka ce ya karya ta?

Na sauka a gidan Hajiya Mero, tsohuwar da ke saukar da fatake a zangon Dapango, wadda mahaifinku ke kira Inna. Ta saurare ni har na gama, tana ɓare goro.

"Wa ya aike ki ki ce a rubuta, 'yar nan? Da a baki maganar ta tsaya, da tuni na aika an gyara. Yanzu akwai kwafi a littafinsu, sai babbansu kaɗai zai iya yage shi."

"Inna, na rantse ne."

"Wanda ya sa ki rantsuwar ya san abin da yake yi."

Kwanaki suka yi ta wucewa ina zarya tsakanin kwaɗo da jandarma. Sai wani direban Sokode ya kawo mini saƙo a tasha, yana magana yana kallon ƙasa. Baba Alhaji ya ji labari, ya aika an kwashe ku zuwa gidansa, an kulle ɗakina, kuma ya fara neman mai sayen mota. Ko jira bai yi ya ji ta bakina ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Na zauna ina tunanin Salamatu, wadda ba ta barci sai ta riƙe gefen zanena, da Nuhu mai asma da ba wanda ya san yadda ake dafa masa maganinsa sai ni. Hajiya Mero ta yafa mayafinta ta ce in tashi mu je wurin kumanda, babban jandarmomin garin.

Kumandan ya karɓe mu da fara'a, har kujera ya ba Hajiya. Ya duba takardar, ya girgiza kai, ya ce abin tausayi ne amma doka doka ce. Sannan ya kalle ni ya yi murmushi.

"Madam, akwai hanya ɗaya. Gobe mata za su yi tattakin goyon bayan gwamnati. Muna neman motocin da za su ɗebo su daga ƙauyuka, direbobi kuwa duk sun ɓoye nasu. Ki yi mana wannan aikin, in yage takardar nan a gabanki, in ba ki wata da za ki wuce kowane shinge har gida."

"Ranka ya daɗe, ai permina ya mutu."

"Gobe babu mai tambayarki."

Na fito, rabi tsoro rabi baƙin ciki. Na san abin da wannan aiki ke nufi ga mutumin Sokode. Samarin zango duk suna tare da masu neman canji, an kashe wasu, an ɗaure wasu, kuma babbarku, tana kwaleji lokacin, ta sha dawowa gida idanunta jajur da hayaƙin da ake harba musu. Ni ban san mai mulki ba, ban san masu neman kujerarsa ba, babu ɗayansu da ya zo mini gaisuwar mijina. Amma na san unguwarmu. Na tambayi Hajiya Mero abin da ta gani.

"In kin ƙi, mota ta ruɓe a nan, yara sun tafi. In kin yarda, sunanki ya tafi. Ki duba wanda za ki iya rayuwa babu shi."

Ban daɗe ina dubawa ba. Da sassafe na karɓi makulli. Wa kuke tsammani aka haɗa ni da shi ya nuna mini ƙauyukan? Shi dai jandarman nan na Bombuwaka. Ya yi ta cusa mata a bayan motar har tayoyi suka kwanta, wasu a kan benci, wasu a cinyar wasu, lodin da ko mahaifinku a shekarar yunwa bai taɓa yi ba. An raba musu zane iri ɗaya, yawancinsu ba su san inda za a kai su ba, wata tsohuwa tana ta tambaya ko za a ba da shinkafa. Na ce masa lodin ya wuce doka. Ya ce in ja kawai. Lasisin da bai isa ɗaukar doya ba, sai ga shi ya isa ɗaukar rayukan mutane a hanyar da duk ramuka ce, tunda tafi za su je yi. Na yi sawu bayan sawu ina haɗiye abin da ke raina. A sawu na ƙarshe, ina shiga filin taron, wani mai ɗaukar hoton talabijin ya ɗora na'urarsa a kafaɗa ya auna ni. Na juya fuska, amma a duk arewacin Togo mace nawa ke tuƙa bashe? Kumanda ya cika alkawari, ya yage takardar ya ba ni ta wucewa.

Hoton ya riga ni isa Sokode. An nuna shi a labarai, kowa ya gani ko ya ji daga wanda ya gani. Na isa da hantsi. A tasha matan da suka shekara suna hawa motar ubanku suka juya mini baya, wadda ta so kwance bakin zanenta a shinge har da tofar da yawu. A bangon gidanmu an yi rubutu da gawayi, ba zan maimaita muku shi ba. Wani saurayi da aka yi sunansa ina wurin ya tsare ni ya ce in motar nan ta kwana a zango za a wayi gari ta zama toka. Babu wanda ya tambaye ni yadda aka yi. Mutanen da kowace rana ke cusa kuɗi cikin permi su miƙa wa jandarma suna masa kirari, su ne yau suka zama masu tsarki, ni da na ƙi bayarwa na zama abin ƙyama. Hajiya Mero ta riga ta ce in abin ya ɓaci akwai ɗaki a gidanta. Ban ko buɗe ɗakina ba, na juya kan mota zuwa ƙofar Baba Alhaji in ɗauke ku.

Yana zaune a tabarma a ƙofar zaure da mutanensa, samari kuma sun biyo motar sun tsaya a kewaye. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka saba.

"Sharaɗi ya cika, Azumi. Hukuma ta riƙe mota."

"Ta riƙe ta saki, Yaya. Ga ta nan. Kuma ko dala ta marayu ban ba kowa ba."

"Kin ba da abin da ya fi dala. Kin zubar da mutuncin gidan nan a gaban duniya."

"Wane mutuncin, Yaya? Wanda motocinka suka yi shekaru suna kaiwa taron jam'iyya, ko wani ne daban?"

Kowa ya san gaskiya ce, ba a dai taɓa faɗarta a gabansa ba. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, amma mutum ne mai iya riƙe fuska. Ya sa aka fito da ku, kuka tsaya a bakin zaure.

"Ni ba zan raba ɗa da uwarsa ba," ya ce, yana ɗaga murya don jama'a su ji. "Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, da sunansu. Wanda kika kira ya amsa ya bi ki. Wanda ya rage nawa ne."

Na kira Nuhu, ya rugo. Na kira Salamatu, ta zo ta ƙanƙame ƙafata tana kuka. Saura babbarku. Tana tsaye ta harɗe hannuwa, idanunta sun kumbura, don an yi kwanaki ana nuna ta da yatsa a makaranta saboda ni. A nan na gane wayon Baba Alhaji. Ita 'yar fari ce. Tun ranar sunanta ban taɓa furta sunan nan da bakina ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka tarbiyyantar da ni, ba a kiran ɗan fari, ba a kallonsa da yawa, ba a nuna ana son sa a gaban mutane, balle a gaban wan miji da mazan unguwa. Duk wanda ke wurin ya san haka, shi ma ya sani.

"Ke, zo mu tafi," na ce.

Ba ta motsa ba.

"Ke, da ke nake."

"Su kin kira sunansu," ta ce. "Ni ma ina da suna."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan yana nan a kan harshena, amma ya ƙi fitowa. Samari suka fara dukan jikin motar da sanduna, na jiyo warin fetur a bayana, Nuhu ya fara tari. Matar Baba Alhaji ta fito ta ɗora hannu a kafaɗar yarinyar. Na tura ku biyun cikin mota, na shiga, na danna oda na sake dannawa ina kallonta, ita ma tana kallona tana jira. Dutse ya sauka a gilashin gaba ya tsage shi. Na ja mota.

Da yajin aikin ya ƙare na je ofis a Dapango. Likita ya ce in rufe ido ɗaya in karanta allo, akawu ya buga hatimi ko fuskata bai kalla ba, ban gama gyara mayafina ba aka miƙo mini sabon lasisi. Wannan ɗan aikin shi ne abin da ya cinye mini gida da gari da 'ya. Na fito na zauna a kan matakala na yi kukan da ban yi a shinge ba, ban yi a ofishin kumanda ba.

Yanzu da ke nake, ke da aka bari a zaure. A gidan Baba Alhaji kika girma, daga can aka yi miki aure, ni na zo a matsayin baƙuwa na zauna cikin 'yan biki. An gaya miki na zaɓi biyu na bar ɗaya. Ƙarya ne, kuma masu faɗar sun san ƙarya ne. Don ku uku na hau hanya, don ku uku na ɗauki matan nan zuwa filin taro, ku uku na zo ɗauka. Ba na neman gafarar Sokode, ba ta cancanta ba. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, kunyar da suka koya mini tun ina yarinya, suka ce ita ce mutuncin mace, ita suka ɗauka suka raba ni da ke, suna zaune a tabarma suna kallo. Kin ce kina da suna. Ni na zaɓa miki shi, na raɗa wa mahaifinki a kunne tun kina ciki. Yau na tsufa, babu sauran wanda nake jin kunya, kuma bakina ya buɗe.

Abiba, fito mu tafi.